Matsuguni: Alƙawarin da Kotu Ba Ta Iya Tilastawa

Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati samar wa 'yan ƙasa matsuguni, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta mata. Shi ya sa lauyoyin mazauna Otodo Gbame a Legas, waɗanda aka fara rushe wa gidaje a 2016, suka dogara da sashe na 34 mai kare mutuncin ɗan Adam. A Yunin 2017 Babbar Kotun Legas ta haramta korar su ba tare da tanadin wurin komawa ba. Sai dai hukuncin ya tarar da unguwar ta zama kufai. Aiki ya rage ga masu tsara manufofi a Abuja: kafin katafila ta iso, a san inda iyali zai kwana.