Ƙwayar ganye ba ta kai ganye ba

Wata magana ta yi ƙarfi a ƙasar Gobir, daga Sabon Birni zuwa Isa har ƙauyuka irin su Burkusuma. Wai ƙwayoyin nan da ake cewa an tatso su daga ganyaye da 'ya'yan itace, guda ɗaya ta fi akushin miya amfani, kuma tunda tsiro ne ba sa cutarwa. Ban raina masu faɗin haka ba. Sau da yawa ɗa ne da ke nema a Sakkwato ko Kano yake aiko wa mahaifiyarsa, don ya san 'yan bindiga sun raba mutane da fadama, asibiti kuma ya yi nisa. Niyyarsa mai kyau ce, amma maganar tana da gyara.

An taɓa gwada wannan tunani. Likitoci sun lura masu yawan cin ganye da karas ba su cika kamuwa da kansar huhu ba, sai suka zaci sirrin yana cikin sinadarin da ke ba karas launinsa. A ƙasar Finlan aka gwada shi a ƙwaya kan maza mashaya sigari fiye da 29,000. Da sakamako ya fito a 1994, cutar ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha. A 1996 aka dakatar da irin wannan gwaji a Amurka saboda dalili ɗaya. Ashe amfanin ganye a haɗe yake, har da jikinsa mai cika ciki ya sauƙaƙa bahaya, wanda ake zubarwa wurin tacewa.

Lambar NAFDAC da mai talla ke nunawa a jikin robar ma, izinin sayarwa ce. Ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da ciwon suga.

Kada a haɗa waɗannan ƙwayoyin ganye da ɗigon bitamin A na yara, ko ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata a wurin awo, ko abincin tamowa. Waɗannan an gwada su, suna ceton rai, a karɓe su hannu biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Na san da wuya ga wanda ya baro gonarsa. To amma kuɗin roba ɗaya zai sayi busasshen zogale da kuka da yakuwa na kwanaki masu yawa, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa, kowa a gidan ya sa hannu, yara su samu magarya da goruba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dattijuwar da aka ce wa ta ajiye maganin hawan jininta, wai wannan ya wadatar. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye ɓarin jiki. Don Allah, wanda ya riga ya saya wa Inna, ya tafi da robar ya nuna wa ma'aikacin lafiya, kuma kada ta tsallake maganinta ko na kwana ɗaya.