Tsarin abinci na keto: Magani ne ko haɗari?

A Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran sassan kudancin jihar Jigawa, da wuya a wuni ba a ci tuwon dawa ko na masara ba, ko a sha fura ko kunun gero. Tsarin abinci na keto kuwa, wanda masu neman rage ƙiba ke yayinsa, kusan dukkan waɗannan yake hanawa.

Tsarin ya taƙaita abinci mai sitaci da sukari zuwa giram 20 zuwa 50 a rana, adadin da malmalar tuwo guda ke iya zarcewa. A maimakonsu sai a dogara da mai da ƙwai da nama da kifi da gyaɗa da riɗi da ganyaye irin su zogale.

Yadda yake aiki

Jiki na samun ƙarfi ne daga sukarin da yake tacewa daga hatsi. Idan hatsin ya yanke, ajiyar sukarin da ke hanta kan ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga nan sai hanta ta koma narka kitse, tana samar da sinadaran da ake kira ketones, waɗanda ƙwaƙwalwa ke amfani da su.

Wannan ne ke sa nauyi ya ragu da sauri, sai dai akasarin abin da ke zubewa a makon farko ruwa ne. Mutum kan yi fama da ciwon kai da kasala da taurin bayan gida da warin baki.

Asalinsa maganin farfaɗiya ne

A shekarar 1921 ne Dokta Russell Wilder na asibitin Mayo da ke Amurka ya ɓullo da tsarin domin masu farfaɗiya, bayan an lura cewa barin abinci na rage bugun cutar. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2008 ya gano cewa bugun ya ragu da fiye da rabi a kashi 38 cikin ɗari na yaran da aka ɗora a kansa.

Masu ciwon suga

Haɗarin ya fi yawa ga masu ciwon suga. Tsarin na sauke sukarin jini, amma wanda ke yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma, musamman idan ya haɗa da azumi. Haka kuma yana iya jawo tsakuwar ƙoda da hauhawar kitsen jini.

Saboda haka likitoci ke gargaɗin masu juna biyu da masu ciwon ƙoda ko hanta da su guje shi, mai ciwon suga kuma kada ya fara sai an auna shi a asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Ga yawancin jama'a, rage girman malmala da barin lemon kwalba sun fi sauƙin ɗorewa.