Motar Kwali Mai Jure Hannun Yaro

A Nassarawa GRA ta Kano, ba a rasa kwalin firji ko na talabijin jingine a bayan gida. In yara suka samu, kafin la'asar ya zama mota, kafin magariba kuwa taya ta fita, jiki ya lotse, kuka ya tashi. Sai iyaye su ce ai takarda ba ta da ƙarko, su nufi kanti neman ta roba. Alhali laifin na gini ne.

Unguwar ba baƙuwar aikin hannu ba ce. A nan Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a 1909, har da sashen koyon sana'o'i irin su kafinta da dukanci. Gidansa na nan har yau, Gidan Ɗan Hausa.

Ƙarfin takarda yana cikin siffar da aka ba ta. Ka tsayar da falle ɗaya a kan tebur, zai faɗi. Ka naɗe shi kamar tabarma ka manne bakin, zai ɗauki littafi. Dabarar kwali ke nan. Duba gefensa za ka ga wata takarda mai lanƙwashe-lanƙwashe tsakanin fallaye biyu. A Ingila aka fara yi wa irin wannan takarda rajista a 1856 don ƙarfafa huluna, sannan Albert Jones na birnin New York ya yi mata rajistar naɗe kaya a 1871. Ramukan da ke tsakanin lanƙwashe-lanƙwashen nan su ne ginshiƙan kwali, don haka bangon mota ko na gida a yanke shi ramukan suna tsaye. Ƙasan mota kuwa a haɗa kwali biyu, ramukan ɗaya su gitta na ɗayan, ba zai karye ta kowane ɓangare cikin sauƙi ba.

Sai batun manni. Ba dole sai gam na kanti ba. Sitacin rogo da aka dama da tafasasshen ruwa ya wadatar, haka ma ƙaro, wanda almajirai ke sa wa tawada. A yayyaga tsohuwar jarida siri-siri, a tsoma, a liƙa a kusurwoyi hawa uku ko huɗu, kowane hawa ya sha iska kafin a ɗora wani. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A shanya a inuwa, domin rana tana kantare kwali. Da hunturu bushewa ba ta da wuya, amma da damina sai an yi haƙuri, in ba haka ba ya yi fumfuna. A kuma ajiye shi nesa da ƙasa, don kyankyaso da gara na son sitaci.

Inda mota ta fi mutuwa shi ne gindin taya. In aka soka tsinken tsire kai tsaye cikin kwali, ramin zai yi ta faɗaɗa har ya yage. A fara manna bututun tsohon biro a ƙasan motar, tsinken ya ratsa ta cikinsa, a sa marafen lemo a bakinsa biyu su zama tayoyi, a datse tsinin. Yanka da reza aikin babba ne, yaro a bar masa almakashi da shafa sitaci.

In an gama, kada a ɗora ta a kan kabad don ado. A ɗaura mata zare, yaro ya ja ta a tsakar gida. Wurin da ta fara lalacewa, nan za ku ƙara wa jarida gobe, kuma shi zai riga ka ganowa.