Rera Ƙirga Daban, Iya Lissafi Daban

Akwai wani ruɗi da ke cin iyaye da yawa a ƙasar Rano da Kibiya, har da mu nan Zinyau. Yaro ya dawo daga firamare yana rera ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari, sai uba ya washe baki ya ce ai ɗansa ya iya lissafi. Malam, kada ka yi saurin murna. Zuba masa tsakuwa bakwai ka ce ya ƙirga. In ya gama, ka warwatsa su nesa da juna, ka ce, “To, yanzu nawa ne?” Idan ya ce sun ƙaru, ko bakinsa ya riga yatsansa gudu har ya kai tara, to waƙa ya haddace, bai san adadi ba tukuna.

Abin ya zama ruwan dare. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa cikin yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ya iya lissafin farko-farko. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, amma ɗanka da ke aji biyu yau ba zai jira sai an gama gyara ba. Malamin da yara suka cika masa aji har bakin ƙofa kuwa ba shi da halin bin kowa ɗaya bayan ɗaya.

Inda yawancin yara ke ɓacewa shi ne gurbin lamba. Rubuta 23 da 32, ka tambayi yaro wanne ya fi yawa, kuma me ya sa. Wanda bai gane cewa 2 ɗin cikin 23 goma sau biyu ce ba, zai yi ta “riƙe ɗaya” da “aro ɗaya” har aji shida ba tare da ya san me yake riƙewa ba. Maganin yana bayan ɗaki. A kakkarya karan dawa gajeru-gajeru, yaro ya ƙirga goma ya ɗaure da zare. Ɗauri biyu da kara uku, 23 ke nan. Ka ce ya ba ka bakwai daga ciki. Zai miƙo ukun nan, ya tsaya yana kallonka. Kada ka faɗa masa komai. Bari shi da kansa ya kai hannu ya kwance ɗauri guda ya cike maka huɗu, ya ƙirga sauran ya ga 16. Wannan kwancewar ita ce aron da malami ke yi a allo.

Kada wani ya raina dabarar don ta kara ce. Irin wannan ƙirga da ɗauri da tsinke na cikin tsarin koyarwa daidai da matakin yaro, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, aka kuma gwada a nan Kano, a Wudil da Dawakin Tofa, ƙarƙashin shirin KaLMA da aka fara a 2019 da haɗin gwiwar British Council.

Wata uwar za ta ce, “Ni ban yi boko ba, me zan koya masa?” Haba, Inna! Wa ke auna tsaba da mudu ta san kwana nawa za ta kai? Wa ke riƙe lissafin adashe a ka? Manomin da ke ware dami ɗaya cikin goma na zakka, ko ɗaya cikin ashirin in noman ban-ruwa ne, lissafi yake yi. Abin da ake so kawai a riƙa yin sa a bayyane, a sa yaro ciki. Kai uku da ƙosai goma sha biyu, shi zai raba. Dara ma makaranta ce: gurbi biyar a jere shida, talatin ke nan, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu.

Sai dai a yi hattara da batun talla. Yarinya tana iya ba da canjin dubu ba kuskure, amma a rubuta mata lissafin nan a takarda ta tsaya cik. An ga haka a birnin Recife na Burazil, a binciken da aka wallafa a 1985 kan yara masu talla: a bakin ciniki kusan duka suka ci, a rubuce kuwa ba su kai rabi ba. Saboda haka talla ba ta maye gurbin aji. In ta ba da canji daidai, a miƙa mata alli ko gawayi ta rubuta yadda ta yi.

Abu biyu ke kashe wa yaro zuciya: bulala, da cewa “kai kanka ba na lissafi ba ne.” Wanda ake zane wa kan kuskure dabarar ɓoye kuskure zai koya, ya riƙa kwafa daga littafin na kusa da shi. Haka nan yayan da ke yi wa ƙaninsa aikin gida don a gama da wuri, cutarsa yake yi. In amsa ta karkace, tambaya ɗaya ta isa: “Nuna mini yadda ka yi.”

Minti goma bayan la'asar ya wadatar, muddin za a yi kullum, kuma da Hausar da yaro ke ji. Iyaye, a makon nan ku buɗe littafin lissafin ɗanku. In kun ga shafuka ba jan biron malami, ko aikin ya fi ƙarfinsa, ku taka zuwa makaranta ku ga malamin ajin da shugaban makaranta, kada ku bari sai sakamakon ƙarshen zango ya fito.