Yadda Naira 5,000 Ke Komawa Naira 5 a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kwamfuta a Yalwa, kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a lokacin cike fom, ya san jan rubutun nan da ke fitowa a ƙarƙashin gurbi, wai abin da aka shigar ba lamba ba ce. Mutum ya duba, ya sake dubawa, ga lambobi nan reras, amma na'ura ta kafe. Galibi laifin bai taka kara ya karya ba: waƙafi ne, ko tazarar da yatsa ya bari a ƙarshe, ko harafin O da ya shige a madadin sifili.

Tushen maganar shi ne, idan ka danna 7, ba adadin bakwai ne ke shiga kwamfuta ba. Alama ce kawai, daidai da B ko K. A tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, alamar 0 tana zaune a gurbi na 48, alamar 9 kuma a na 57. Saboda haka 250 da ka rubuta alamomi uku ne da suka jeru kafaɗa da kafaɗa. A harshen JavaScript, idan aka haɗa rubutun 250 da rubutun 50 ba tare da an mayar da su adadi ba, 25050 za a samu, ba 300 ba. Dole sai manhaja ta fara tambaya: shin wannan rubutun cikakkiyar lamba ce, wato marar guntu, irin 12 ko 0 ko -40, ban da 3.5?

A baki ƙa'idar mai sauƙi ce. Ana iya samun alamar ɗebewa a gaba, sai aƙalla lamba guda daga 0 zuwa 9, kuma kada wani abu ya biyo baya. Wurin aikatawa ne ake rabuwa, domin kowane harshen kwamfuta da halinsa. Harshen C yana da wani tsohon umarni, atoi, wanda idan ka ba shi shirme sai ya miƙo maka sifili ba tare da ya ce uffan ba, ka rasa ko sifilin gaske ne ko na ruɗani. Umarnin parseInt na JavaScript kuwa yana karantawa ne daga hagu, da zarar ya ci karo da abin da ba lamba ba sai ya tsaya, ya ba ka abin da ya tsinta. Ba shi 5,000, zai tsaya a kan waƙafi ya ce 5. Ka ƙaddara ɗan kasuwa a kasuwar Muda Lawal yana rubuta bashin da yake bi a cikin manhajar da aka gina da irin wannan sakaci: dubu biyar ta koma naira biyar, kuma babu jan rubutun da zai faɗakar da shi. Harshen Python kuwa ba ya yin haka. Idan bai gane ba, tsayawa yake cak ya ce akwai kuskure. Ni dai na fi son wannan halin, gara mai cewa ban gane ba da mai gyaɗa kai ya je ya yi maka ɓarna.

Akwai wani abu da ke burge ni game da Python ɗin: idan ka ba shi ١٢٣, lambobin da almajiri ya saba gani a littattafan Larabci, zai karɓa ya ce 123 ne. Wata manhajar da ke neman 0 zuwa 9 kaɗai za ta ƙi. Mai ginawa ne zai yanke wanda yake so, kuma wanda ke yi wa mutanen Arewa aiki bai kamata ya yanke shi da ka ba.

Sai batun girma. Ma'ajin lamba da manhajoji da yawa ke amfani da shi ba ya wuce 2,147,483,647. A 2014 sai da YouTube ya faɗaɗa nasa saboda yawan masu kallon waƙar Gangnam Style. Lambar NIN da ta BVN kowacce lambobi 11 ce, wato sun yi wa wannan ma'ajin yawa.

Amma tun farko ma, kuskure ne a ɗauke su a matsayin adadi. Duk malamin da ya taɓa jera lambobin wayar iyayen yara a Excel ya ga yadda 0803 ke komawa 803, domin a lissafi sifilin farko ba shi da aiki. Lambar waya suna ce da aka rubuta da alƙaluma, ba wanda ke tara lambobin waya biyu ya nemi jimla. Irin waɗannan ana duba cewa duk alamominsu lambobi ne kuma tsawonsu ya cika, sannan a adana su a matsayin rubutu.

Lambar asusun banki ta ƙara wani mataki. A tsarin NUBAN na Babban Bankin Najeriya, lambobi 10 ne, kuma ta ƙarshen ana lissafo ta ne daga sauran tara haɗe da lambar bankin. Idan yatsa ya zame a wuri guda, yawanci lissafin ba ya dacewa, sai a ƙi ta. Sai dai lamba na iya cika duk waɗannan sharuɗɗan, ta kasance ta wani bawan Allah ce daban. Shi ya sa mai POS a kasuwar Wunti yake karanto maka sunan da ya fito, ya jira ka ce shi ne, kafin ya danna.