Dalilin komawata makaranta don zama tafintan kurame

Bahaushe ya daɗe da sanin nauyin aikin tafinta. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka, maganar talaka ba ta isa kunnen Joji sai ta bi ta bakin wani, kuma sau da yawa abin da ya shiga ba shi ke fita ba. Yau akwai wasu 'yan uwanmu a Wonaka da Tsafe da Bunguɗu da har yanzu suke cikin irin wannan hali a gaban likita da alƙali da ɗan sanda. Su ne kurame. Saboda su na ajiye alli bayan shekaru 17 ina koyarwa a firamare, na nufi Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta masu buƙata ta musamman da ke Oyo, wadda aka buɗe a 1977, domin in karanci ilimin kurame da maganar hannu.

Kurumta ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Sanƙarau da ƙyanda da hangum da ciwon kunnen da aka bari ya ruɓe duk suna iya tafiya da jin yaro. Annobar sanƙarau ta 1996 ta ratsa Arewa, ta 2017 kuwa a Zamfara ta fi yin ɓarna, kuma daga cikin waɗanda Allah Ya tashi kafaɗunsu akwai waɗanda ba su sake jin kiran salla ba. Ɗiyar ƙanwata na cikinsu. Ranar da ta fara zuwa awon ciki a wani asibiti, ƙanenta ɗan shekara 12 aka sa ya tsaya tsakaninta da ma'aikaciyar jinya. Yaron ya sunkuyar da kai, ita ma ta ɓoye rabin abin da ke damunta, aka rubuta magani a kan rabin da ya fito. Babu mai mugun nufi a ɗakin nan, sai dai babu wanda aikinsa ne ya isar da maganarta cikakkiya, ya kuma rufa mata asiri.

Mutane da yawa suna ɗaukar maganar hannu a matsayin nune-nunen da kowa zai iya. Harshe ce mai nahawunta. Siffar hannu da wurin da aka ajiye shi da yadda ya motsa duk suna sauya ma'ana, ɗaga gira na iya mayar da zance tambaya, girgiza kai na iya korewa. Kuma ba guda ɗaya ba ce a duniya: Ƙungiyar Kurame ta Duniya ta ƙiyasta kurame sama da miliyan 70 da harsunan hannu fiye da 300. Kurman Ingila da na Amurka ba sa fahimtar juna kai tsaye, duk da cewa masu ji a ƙasashensu Turanci ɗaya suke yi.

A nan ne matsalarmu ta Arewa take. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun Nijeriya ta samo asali ne daga ta Amurka. Andrew Foster, wani kurma baƙar fata Ba'amurke, shi ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, kuma ɗalibansa suka yaɗa salon da ya zo da shi. Amma tun kafin zuwansa kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannun, wadda suke koya daga junansu a kasuwa da majalisa da bakin masallaci, har a Kano akwai sarautar Sarkin Bebaye. Wata masaniyar harsuna Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarci harshen, ta wallafa littafi a kansa a 2000. Mafi yawan kuramen ƙauyukanmu ba su taɓa shiga aji ba. Idan na tsaya gaban manomi daga Wonaka ina harhaɗa masa haruffan boko da yatsu, tamkar na karanta masa wasiƙa da Turanci ne. Shi ya sa karatuna ya kasu biyu: zango a Oyo wurin malamai, hutu a kasuwannin Gusau da Tsafe wurin kurame, inda ni ne ɗalibi su ne malamai. Inda abu ya cije, mukan nemi kurman da ya san harsunan biyu ya shiga tsakani, kuma wannan hanya ce da ƙwararru suka amince da ita.

Komawa aji bayan an haura shekara 40 ba wasa ba ne. Yatsun da suka saba da alli da fartanya ba sa lanƙwasuwa kamar na 'yan shekara 19 da muke zama benci ɗaya. Kunya ma sai da aka koya mini ajiye ta, domin Bahaushe ya taso da sunkuyar da kai gaban babba, alhali a wannan harshe kawar da ido daidai yake da toshe kunne. Amma abin da ya fi nauyi shi ne ladabin aikin. Tafinta ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya ba da shawara, ba ya fita da abin da ya gani. Idan kurma ya faɗi magana mai ɗaci ga alƙali, haka zan isar da ita, ko da raina yana so in sassauta. Aikin yana cin ƙwaƙwalwa sosai, har a manyan taruka mutum biyu ke karɓa-karɓa bayan kowane minti 20 zuwa 30. Duniya ta ga illar sakaci da wannan a Disamban 2013, lokacin da wani ya tsaya a taron jimamin Nelson Mandela yana kaɗa hannu ba ma'ana, kurame na kallo ba su tsinci komai ba.

Doka kuwa tana nan. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ɗora wa asibitocin gwamnati samar da hanyar sadarwa ga irin waɗannan marasa lafiya. Afirka ta Kudu ta wuce nan, domin a 2023 ta mayar da maganar hannu harshen hukuma na 12. Sai dai doka ba ta da hannuwa, mutum ne zai tsaya ya yi aikin.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Zamfara da ta ɗauki nauyin malamai da ma'aikatan jinya masu sha'awa su je su koyo, musamman mata, domin akwai maganar da mace ba za ta yi ta hannun namiji ba. Kwalejin Ilimi ta Maru da Jami'ar Tarayya ta Gusau su dubi yiwuwar buɗe wannan fanni a gida, su kuma ɗauki kurame cikin masu koyarwa. A ware gurbin tafinta mai albashi a manyan asibitoci da kotunan shari'a, inda ake yanke maganar aure da gado. Malamanmu su tuna cewa kurma yana zuwa Juma'a shekara da shekaru bai san abin da liman ya faɗa ba. A wannan lokaci na 'yan bindiga kuma, mu tuna cewa gargaɗin da ake yi da ihu ba ya isa gare shi, sai kowace unguwa ta san wanda zai taɓa kafaɗarsa.

Ga 'yan uwana ma'aikata da ke ganin lokacin karatu ya wuce, gemu ba ya hana ilimi. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda ba a jin muryarsu.