Itacen Da Ake Reno A Cikin Kwalba



Idan kika ci dabino mai zaƙi kika shuka ƙwallonsa, ba lalle ki sami irinsa ba. Kusan rabin abin da zai tsiro namiji ne, ba ya 'ya'ya, kuma sai kin yi shekaru kina ban ruwa kafin ki gane. To, masana sun samo dabarar da ta raba manomi da wannan asara.

Sukan zaɓi uwa tagari, su yanko ɗan tsoka daga zuciyar tohon da ke gindinta. Sai a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa shi a kwalba bisa wani abinci mai kama da kamu, wanda aka haɗa da sukari da sinadaran girma. Can sai ya yi toho da yawa, a rarraba, su yi saiwa. Daga nan a mai da su tukwane a inuwa har su saba da iska. Tsoka guda kan ba da ɗaruruwan dashe, kowanne sak uwarsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wani Bature mai suna Haberlandt ya fara gwada renon tsiro haka a 1902. A ƙasar Denmak an yi amfani da dabarar wajen itacen fir na bikin Kirsimeti. A nan gida, cibiyar IITA ta Ibadan tana yi da ayaba da doya da rogo.

Ina ruwanki a Sheme? Dubi kaɗanya da ɗorawa, masu ba ki man kaɗe da daddawa. Kaɗanya kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma gatari kan kayar da ita a wuni guda. Masana na gwada renonta a kwalba, sai dai kwalba ba ta yin komai sai an sami uwa. Saboda haka ki roƙi maigida ya bar kaɗanyar da ta fi 'ya'ya a gona, kada a sare ta don gawayi.

Ke kuma 'yar makaranta, jarin wannan aiki tsabta ne da haƙuri, domin ƙura kaɗan ta shiga kwalba, sai fumfuna ta cinye komai. Ki riƙe darasin kimiyya da kyau.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.